Aikin bincike kan al'adun birnin Kano: a duba mana tsarinmu

Sadiya:
Assalamu alaikum iyayenmu da malamanmu na wannan zaure. An ba mu aikin bincike a makaranta, mu biyar a rukuni, taken shi ne al'adun birnin Kano. Mako shida gare mu, za mu miƙa rubutu shafi talatin da hotuna. Ga yadda muka tsara: babi ɗaya tarihin kafuwar gari, ɗaya aure da haihuwa, ɗaya sana'o'i, ɗaya hawan salla, ɗaya abinci, kowa ya ɗauki babi guda. Mun kuma shirya takardar tambayoyi da za mu raba wa mutum ɗari. Don Allah a duba mana in akwai gyara.

Malam Habu:
Wa alaikumus salam. Akwai gyara 'yata, kuma daga tushe. Babi biyar ɗin nan kowanne littafi ne mai zaman kansa. A shafi shida ba abin da za ki faɗa kan auren Kanawa wanda ba a riga an faɗa ba. Ƙarshenta kowa zai kwaso daga intanet, a fara da Bagauda a 999, a koma kan Barbushe da Tsumburbura a dutsen Dala, a rufe da Kano ta Dabo tumbin giwa. Mai duba aikin ya karanta irin wannan har ya ƙoshi.

Ku ɗauki abu guda a wuri guda, ku biyar ɗin ku taru a kansa. Rini a Ƙofar Mata, ko jima, ko gurasa a wajen Jakara, ko ƙofa ɗaya cikin ƙofofin ganuwa da mutanen da ke bakinta. Ma'aunin mai sauƙi ne. Za ku iya zagaye wurin da ƙafa cikin awa guda? Za ku iya komawa sau shida ko bakwai kuɗin adaidaita bai karya ku ba? In haka ne, ya yi.

Bashir:
Allah ya gafarta Malam, ni fa ina da ja. Malaminsu cewa ya yi al'adun birni, bai ce rini ba. In suka kai masa shafi talatin duk a kan ramin baba na rini, ba zai ce sun kauce ba? Yara ne masu neman maki, kada mu kai su mu baro.

Dakta Rabi:
Bashir, tsoronka yana kan hanya, amma maganinsa layi ɗaya ne. Su bar taken yadda yake, su ƙara masa ƙaramin take a ƙasa, su kai wa malamin ya sa hannu kafin su fita. Ban da amincewar baka a bakin ofis, a rubuce.

Kuma rini ba ƙaramar ƙofa ba ce. In ka bi ta za ka tarar da fatauci, don turkuɗin ƙasar Kano, yadin nan rinanne mai sheƙi, har wajen Buzaye yake zuwa. Za ka tarar da aikin mata a cikin gida, da mabuga, da maɗinka, da kasuwar Kurmi, har da magina. Garin ne gaba ɗaya, ta taga ɗaya kawai ake leƙa shi.

Abin da ya fi damuna takardar tambayoyin nan ce. Sadiya, wa za ki miƙa wa? Mutumin da ya san abin da kike nema hannunsa cikin baba yake har gwiwar hannu, wataƙila ma ajami yake karantawa ba boko ba. Waɗanda za su cike miki ita cikin minti biyu 'yan ajinku ne da samarin bakin titi, su kuma abin da suka sani kin sani. Tambaya irin "shin al'adunmu suna ɓacewa, e ko a'a" kowa e zai ce, ki zana jadawali mai kyau, ba ki ƙaru da komai ba. Hira mai zurfi da mutum goma zuwa goma sha biyu ta fi takarda ɗari.

Bashir:
Na yarda da rabin maganar Dakta. Amma aiki ba alƙaluma labari ne kawai. Dattijo ya ce da can marina sun fi haka yawa, to sun fi da nawa? Dole a samu abin da za a ƙirga.

Dakta Rabi:
Ai ban hana ƙirga ba, ra'ayi ne na ce kada su ƙirga. Su ƙirga abin da ido ke gani. Ramuka nawa ne a filin? Nawa ke da baba a ciki ana aiki, nawa suka bushe, nawa shara ta cike? Mutum nawa ke aiki da ƙarfe goma na safiyar Talata, nawa ranar Asabar? Cikinsu nawa ne ba su kai talatin ba? Mutum biyu su ƙirga daban-daban, kowa da takardarsa, sannan su gwada. In lissafi ya saɓa a sake. Su zana taswirar filin da hannu, kowane rami da lambarsa, a sa kwanan wata a ƙasa. Wannan taswirar kaɗai abu ce da wani ɗalibi zai nema nan da shekara ashirin.

Sadiya:
Na gode ƙwarai. Na tura wa 'yan rukuninmu, uku sun ce in dai abu ɗaya za a ɗauka to hawan salla ya fi armashi, ya fi hotuna masu kyau.

Malam Habu:
Armashi kam akwai, kuma yana da hujjar a yi nazarinsa, tunda a Disambar 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun gado na duniya. Amma ki tambaye su, akwai salla cikin mako shidan nan? In babu, bidiyon wasu za ku kalla ku rubuta. In ma akwai, shekarun nan an sha dakatar da hawa, kada ku jingina makinku da abin da sanarwa ɗaya za ta rushe. Sannan ranar hawa ba ranar tambaya ba ce. Ranar Hawan Daushe a Ƙofar Kudu ko numfashi da ƙyar ake yi, wa zai tsaya ya yi miki bayanin lifidi?

Mai son hawa ya bi ta bayan fage: masu sirdi da linzami da kayan ado na doki a Kurmi, da masu kula da dawaki a barga. Waɗannan duk shekara suna nan. Wani abu kuma, ku nisanci tambayar mutane ra'ayinsu kan rigimar sarauta. Ba ta cikin aikinku, kuma tambaya ɗaya irin wannan tana iya rufe muku bakin unguwa baki ɗaya.

Baba Ɗanlami:
Duk abin da kuka zaɓa, a cikin birni ba a faɗa wa mutane daga sama. Ku karɓi takarda daga sashenku mai hatimi, da sunayenku biyar da abin da za ku yi, ku yi kwafi kamar goma, asalin ya zauna a jaka. Farkon wanda za ku gani mai unguwa ne. Shi zai ce wannan ya ishe ku, ko ya tura ku gaba wajen dagaci ko hakimi. Daga nan shugaban masu sana'ar, don kowace tsohuwar sana'a a garin nan tana da babba. In kuka tsallake shi kuka fara da yaron da ya tare ku a bakin ƙofa, ranar da kuka dawo neman dattijai za su ce ai kun riga kun sami malami.

Zuwan farko gaisuwa ce kawai. Ban da ciro waya, ban da littafi. A cire takalmi in an shiga soro, a durƙusa, a gaisa sosai, a faɗi daga inda aka fito da abin da ke tafe da ku, a nemi ranar da za a dawo. Kada ku tafi ku biyar, kamar masu karɓar haraji. Biyu sun isa, ɗaya na tambaya ɗaya na rubutu.

Lokaci kuma, masu aikin hannu da hantsi ake samunsu kan aiki, don kallo da hoto. Hira sai bayan la'asar in jiki ya yi sanyi. Juma'a daga sha ɗaya ku manta da ita. In an kira salla a tsakiyar hira, ku ne za ku fara kashe na'ura, kada ku bari dattijo ya nemi izininku. Kuma "me ya sa kuke yin kaza" tambaya ce mai kama da tuhuma, amsarta kullum "haka muka gada". Ku ce "Baba, yaya ake yi?" ko "nuna min". Dalilin zai fito da kansa cikin bayanin.

Malam Sani:
In rinin kuka tsayar, ga abin da ya kamata idonku ya kama, don kada ku tsaya kan "ana tsoma zane a fito da shi shuɗi".

Abin da ke cikin karofi, wato ramin rini, ruwa ne da baba da toka da kanwa, a bar su su ruɓa tare. Ganyen baba ake dakawa a cura a shanya, in za a haɗa sabon rami a zuba shi cikin ruwan toka. Daga nan kwanaki ake yi ana motsawa da doguwar sanda ana rufewa da murfin saƙa mai tsini. Abin da ke faruwa a ciki shi ne, launin baba ba ya narkewa a ruwa haka nan. Sai ruɓar ta cinye iskar da ke cikin ruwan, tokar kuma ta ba shi kaifi, sannan ya narke ya iya shiga zare. Shi ya sa zane ke fitowa kore-kore, sai iska ta buge shi ya juye shuɗi a gaban idonki. Ki sa agogo ki ga daƙiƙa nawa juyin ke ɗauka. Duhun launi kuwa daga yawan tsomi yake, a tsoma a ɗaga ya sha iska a mayar. Shuɗi mai haske tsomi kaɗan ne, mai duhu kamar baƙi sai an yi ta maimaitawa. Ki zauna gefen mutum ɗaya da zane ɗaya ki ƙirga tsomin tun daga farko, ki rubuta.

Sai abin da ke ɓata aiki, wanda ɗalibai ba sa tambaya alhali nan ilimin yake. Toka ta yi kaɗan, ruwa ya yi tsami, baba ba zai kama ba. Ta yi yawa, ruɓar ta tsaya. Ruwan sama ya shiga ya tsinka shi, dalilin murfin ke nan. Da sanyin hunturu haɗi yakan yi nawa, da zafin bazara ya yi sauri. Yadin da ba a wanke sitacinsa ba, ko mai maiƙo, dabbare-dabbare zai fito. Yadin roba kuwa baba ba ya kama shi, sai auduga da irinta. Marini yana gane lafiyar raminsa daga kumfar da ke sama da wari da kalar ruwan. Ki tambaye shi da bakinsa me yake ce wa ramin da ya nuna, me yake ce wa wanda ya gaji, ki rubuta kalmar yadda ya faɗe ta, kada ki gyara masa.

Ki kuma bambance wannan da rinin zamani na galura da soda, wanda ake yi a ruwan zafi cikin ganga ko baho, irin na shaddoji. Dukansu rini ake ce musu, amma aiki biyu ne. Masu rubutu da yawa sun ɗauki hoton ɗaya sun yi bayanin ɗaya.

Bashir:
Malam Sani ka tashi kaina. Amma ina maganar magina da Dakta ta yi ta shigo?

Malam Sani:
Ta katsi. In rami ya ƙare aiki, ana kwashe dagwalon da ya kwanta a ƙasa, a cura, a shanya, a ƙona. Shi ne katsi. Da shi ake haɗa laso, tare da gashin jima da dafara, tsiron nan mai yauƙi, a yi shafen da ruwa ba ya ci, a cikin ramin rini da kuma jikin gine-ginen ƙasa. Ka ga sharar marini da sharar majemi sun zama kayan aikin magini. In suka samu tsohon magini ya yi musu bayanin haɗin, babi guda ya samu.

Wani abu, marini da bokiti da kwando yake awo, ba da kilo ba. Kada ku rubuta "bokiti kaza na toka" ku wuce, bokiti iri-iri ne. Ku auna nasa bokitin sau ɗaya da jarkar da kuka san litarta, ku auna kwando ɗaya a sikeli, ku rubuta duka biyun.

Hajiya Turai:
Duk maganar nan ta maza ce a fili. Zanen da kuke gani da ado kamar taurari ko zobba, ba a bakin rami aka yi adon ba. Mata ne a cikin gida suke ƙulle shi da zare, wani da allura a ɗinke a tsuke, sannan a kai marina, in ya dawo a warware. In aikinku bai shiga gida ba rabin sana'ar kuka rubuta.

Sadiya, nan ke da 'yan'uwanki mata za ku yi aiki, mazan rukuninku iyakarsu soro. Ki nemi marinin ya haɗa ki da mai yi masa ƙulli, ya aika a sanar, a kuma nemi yardar maigidan. Lokacin da ya fi shi ne bayan yara sun tafi makaranta an gama shara da wanke-wanke, kafin a ɗora girkin rana. Ki tafi da farin yadi kamu ɗaya naki, ki ce a koya miki. Hannu na aiki baki na zuba, abin da za ki ji a haka ba za ki ji shi ba in kin zauna da biro kina kallon fuskarta. Ki tambayi sunan kowane ado, wa ya koya mata, kwana nawa zane ɗaya ke ci, nawa ake biyanta, wa ke kai wa ya karɓo, don galibi yara ne 'yan aike.

Hoto kuma hannu da zane kawai, ban da fuska, ban da tsakar gida. Ki nuna mata hoton a wayar nan take, wanda ba ta so ki goge a gabanta. A rubutu kada ki sa sunanta da kwatancen gidan sai in ita ta ce a sa. "Wata mai ƙulli, shekara kusan hamsin" ya wadatar.

Nura:
Bari in sa baki ta ɓangaren na'ura, don nan ake asarar aikin mako guda. Waya ta isa ɗaukar murya, amma a sa ta a yanayin jirgi, in ba haka ba kira ɗaya zai katse ɗaukar ba ku sani ba. A ajiye ta kan kyalle ko jaka kamar taƙi ɗaya ko biyu daga bakin mai magana, ba a hannu ba. A ɗauki daƙiƙa talatin a saurara da abin kunne kafin a ci gaba. Ƙofar Mata bakin titi ce, ga hon ga adaidaita, in kuma kusa da mabuga ne ƙarar bugu za ta cinye muryar gaba ɗaya. A ɗauki bugun daban don shi ma abin adanawa ne, hira kuma a ja dattijo gefe.

Farkon kowace ɗauka ki faɗi kwanan wata da wuri, ki tambaye shi ya yarda a ɗauka, amsarsa ta shiga ciki. Da yawa ba sa son sa hannu a takarda, wannan ta tsaya a madadinta. A daren ranar a sauya wa fayil suna, kwanan wata da wuri da lambar mai magana, a tura wa mutum biyu cikin rukuni. Waya ana sace ta, tana faɗawa ruwa, a wurin da za ku ma ramin baba ne.

Mayar da hira rubutu shi ne aikin da ba a yi wa lissafi. Hirar awa ɗaya takan ci awa biyar ko shida. Hira goma sha biyu kun ga abin da ke gabanku, don haka duk wadda aka yi a rubuce ta cikin kwana biyu. Ku sa allon rubutu na Hausa a waya, Gboard yana da shi, don ƙafa ba kafa ba ce, ɓari ba bari ba ne. Kafin ku kai shagon buga takardu ku mayar da aikin PDF, in ba haka ba kwamfutarsu na iya mayar da duk ƙ da ɗ da ɓ akwatuna.

Malam Habu:
Ƙari kan maganar Nura, baba na rini da baba mahaifi a rubuce ɗaya suke, a baki ne suka bambanta. Ku yi shafin kalmomin sana'a a ƙarshe, kowace da ma'anarta da wanda kuka ji ta a bakinsa.

Yanzu shekaru, inda aka fi yin ɓarna. Za a ce muku an kafa marinar Ƙofar Mata a 1498, haka ake faɗa ko'ina. Shekarar ta faɗo cikin zamanin Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, wanda ake danganta wa Kurmi da gidan sarki. Ku rubuta ta, amma ku ce wane ne ya faɗa muku, ku kuma tambaye shi daga ina ya ji. Haka shekarun sarakunan farko, tushensu rubutaccen Tarihin Kano ne na Larabci, wanda wani Bature, Palmer, ya fassara zuwa Turanci a 1908. Asalinsa tsawon mulkin kowane sarki yake bayarwa, lissafi aka yi da baya-baya aka fitar da irin su 999. Don haka "bisa lissafin Tarihin Kano" ake cewa, ba a rantsuwa a kai.

Shaidar wanda ya gani da ido daban take. Barth, Bajamushen matafiyi, ya zo Kano a 1851, ya rubuta cewa tufafin da ake saƙawa a rina a nan suna kaiwa har Tambutu da Tarabulus. Wannan za ku iya kafa hujja da shi. Kada kuma ku ɗauka duk rinin a cikin ganuwa ake yi. Garuruwan waje irin su Kura sun yi suna da turkuɗi, in kuna da rana ɗaya ta rara ku je ku kwatanta.

A littafin filinku ku raba shafi gida uku: abin da na gani, abin da aka faɗa min, abin da na karanta. In suka cakuɗe tun a fili, a rubutu ba za su rabu ba. Karatun kuwa ku fara da kundayen ɗaliban da suka gabace ku a laburaren Jami'ar Bayero, don kada ku maimaita. Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa, inda Hukumar Tarihi da Al'adu take, yini ɗaya ya ishe ku duka biyun, ku tafi da takardar makaranta, ku tambayi ƙa'idar ɗaukar hoto kafin ku ɗaga waya. Fayilolin lardin Kano na zamanin Turawa suna ma'adanar ƙasa a Kaduna, amma a mako shida ban ba ku shawarar tafiyar ba.

Dakta Rabi:
Dattijo kuma kada ki ce masa "a wace shekara", zai ba ki lamba don kada ya kunyata ki. Ki jingina masa da abin da ba ya mantuwa. Lokacin Sarki Abdullahi Bayero ne, wanda ya rasu a 1953, ko Sarki Sanusi na ɗaya, ko bayan an naɗa Ado Bayero a 1963? Kafin zuwan Sarauniyar Ingila a 1956 ko bayansa? Zamanin Audu Baƙo, 1967 zuwa 1975? An koma tuƙin hannun dama, 1972? Da fam da sule ake ciniki ko da naira, wadda ta fito a 1973? Kafin rikicin Maitatsine na 1980? In ya ce "lokacin ina kai wa babana abinci karofi, da sule ake biya", kin samu iyaka. Kuma duk muhimmiyar magana ki ji ta daga mutum biyu da ba gida ɗaya suka fito ba. In sun saɓa ki rubuta duka biyun, ba ke ce alƙali ba.

Bashir:
To ni ma ga tawa gudummawar ta lissafi. In kun ci karo da shekarar Hijira a takarda ko jikin gini, ku ninka ta da 0.97 ku ƙara 622. Amma amsar tana iya kaucewa da shekara guda, don shekarar Hijira tana ratsa biyu na Miladiyya. Misali 1320 ta fara a Afrilun 1902, kuma a cikinta Turawa suka ci Kano a Fabrairun 1903. In ba ku da wata, ku rubuta 1902/1903. Tambayata ga Baba Ɗanlami, kuɗi fa? Mutum ya bar aikinsa awa biyu, a tashi a ce an gode kawai?

Baba Ɗanlami:
A'a, ba a tashi hannu rabbana. Amma ba a ciniki tun farko. In kuka yanka farashi kafin hira, kun sayi labari, kuma za a ba ku mai daɗi daidai kuɗinku. A gama, a yi godiya, a miƙa ɗan abin goro a dunƙule. A marina abin da ya fi mutunci shi ne ku kawo yadinku a rina muku ku biya ladan aiki, ko ku sayi zane. Kun samu abin nunawa a aji, shi kuma ya yi ciniki.

Hajiya Turai:
Baba, a wajen mata kam ni na fi son a faɗa tun farko cewa za a biya ladan koyarwa. Lokacinta kuɗi ne, zanen wani ta ajiye, kuma kunya ba za ta bar ta ta tambaya ba.

Baba Ɗanlami:
Wannan koyarwa ce Hajiya, ladanta daban, ban musa ba. Hira nake nufi. Kuma su sani Ƙofar Mata wurin baƙi ne, akwai masu tarbar 'yan yawon buɗe ido da bayani shiryayye, ba laifi ba ne, sana'arsu ce. Su saurara su biya, amma kada su ƙirga shi cikin hira goma sha biyun nan. Wanda suke nema yana can tsugune a bakin rami bai ko ɗago kai ba.

Dakta Rabi:
Rabon makonnin: na farko sa hannun malami da karatu da gaisuwa, uku na tsakiya fili da rubuce hira, na biyar rubutu, na shida gyara da komawa. Komawar nan wajibi ce. Ku karanta wa mutum biyu ko uku abin da kuka rubuta a kansu, za su kama kurakuran da malaminku ba zai taɓa gani ba. Ku wanke musu hotunansu a kati ku kai.

Sadiya:
Allah ya saka da alheri, ya ƙara girma. Mun tsayar da rinin, masu son hawa za su bi ta wajen mabuga da rawuna. Tambaya ta ƙarshe ga Malam Sani: muna son sa zurfin ramukan a taswira, za mu iya zuwa da gora mu zura mu auna?

Malam Sani:
Kul. Kada ki zura komai a ramin da ke da baba, kayan mutum ne na kuɗi, in ya lalace bayan tafiyarku ku za a ce. Ki roƙi mai ramin ya saka tasa sandar motsawa har ta taɓa ƙasa, ya fito da ita, iyakar jiƙon ki auna da tef. Ki tuna akwai dagwalo kwance a ƙasa, don haka ki rubuta cewa zurfin ruwa ne. Ainihin zurfi a busasshen rami ake samu, da igiya da dutse a ɗaure, shi ma bayan an ba ku izini. Faɗin baki kuma ki auna ta ciki, ba ta kan daɓen ba. Ku sa takalmi mai kama ƙasa, bakin ramukan yana da santsi, kuma ranar ban da fararen kaya.